Ranar Da Aka Sauya Launin Ƙofarmu

Ni ban yi nisa a karatu ba, ban kuma iya tsara magana ba. Tun da mijina Mai Zare ya rasu nake zama ina tuna abubuwa. Wasu su sa ni murmushi, wasu su sa in rufe fuska ko da babu kowa a ɗakin. Wannan yana cikin masu sa ni rufe fuska.

Ni tela ce, a gidan iyayena nake ɗinki a lokacin. Shi kuma yana zama a shagon yayansa a bakin kasuwa, inda nake sayen zare da maɓallai da allurar keke. Ƙafarsa ta dama yana jan ta, hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji, magana kuma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Yayansa ya gaya mini tun wurin haihuwa ne. An daɗe ana naƙudarsa, ya fito bai yi kuka ba, likitoci suka ce wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya samu rauni tun ranar. Ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, ba a ɗauka.

Na jikin, kowa yana gani. Na cikin kan ne ya fi ba shi wahala. In ka ce ya miƙo jan zare kuma ya rufe taga, zai miƙo zaren ya manta da taga. In aka sauya wa kaya wuri a kanta, sai ya tsaya kamar an kai shi wani gari. Hanya kuwa sam ba ta zama a kansa, dama da hagu duk ɗaya ne a wurinsa. Amma kunnensa, Allah ya ba shi. Maganar da ka yi masa bara zai maimaita maka ita da irin muryar da ka faɗe ta. Tsohon kekena da na gada wurin kakata, yakan ce yana da tari irin na tsofaffi, domin in na taka shi sai ya yi ta ƙyas-ƙyas sannan ya yi ƙwal. In muna waya yakan ce in taka masa ya ji ko tsohon ya samu sauƙi.

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka fara ba. Abin da na sani, ranar da na ce a gida shi nake so, Umma ta ajiye tsintsiya ta shiga ɗaki ta yi ta kuka kamar an aiko mata da rasuwa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ba ta kuka, baki gare ta. Ta ce duk mazan garin nan masu ƙafa biyu sun ƙare ne da zan ɗauko wanda sai an goge masa baki? Ta ce ni miji nake nema ko goyo? Sannan ta kawo maganar Mai Fenti, wanda yake da shagon fenti a kan layinmu, saurayi mai ladabi da tsabta, wanda kusan duk ƙofofin layin shi ya shafa musu ruwan ƙasa. Ya daɗe yana zuwa gaida Umma da ledoji a hannu. Ban taɓa ƙinsa don wani laifi ba. Zuciyata ce kawai ba ta wurinsa.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ba ya yawan magana. Ya bar su suka yi ta yi har suka gaji, sannan ya kira ni.

"Ba ƙafarsa ce ta dame ni ba," ya ce. "An ce mini ba ya gane hanya. Ranar da ciwo ya kwantar da ke, wa zai zo ya gaya mana? Ki ce masa ya zo ya gaishe ni ranar Asabar bayan la'asar. Shi kaɗai. Ba ɗan rakiya, ba waya, ba wanda zai tsaya masa a ƙofa. In ya ƙwanƙwasa ƙofata da hannunsa, zan saurare shi. In bai iya ba, ki cire shi a ranki, ni ma kada ki sake kawo mini maganarsa."

Na sami Mai Zare a bayan shago yana jera zare launi-launi, kamar yadda yake yi kullum. Da na gaya masa, sai ƙwallon zaren ya kuɓuce masa ya gangara ƙarƙashin kanta. Bai bi shi ba.

"Ni kaɗai?" ya ce.

Na ce e.

Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. Ya ce tun da yake bai taɓa wuce famfon bakin kasuwa shi kaɗai ba. Ya ce sau ɗaya ya gwada yana saurayi, aka tsince shi a tashar mota yana kuka, mutane suna jefa masa sadaka. Tun daga ranar bai sake ba. Hawaye suka zubo masa, ya kai hannun dama zai share, hannun ya wuce ya bugi kuncinsa.

"Mai Keke," ya ce, haka yake kirana, "kina jin kunyata?"

"A'a," na ce.

"Muryarki ta sauka."

Sai na fashe da kuka nima. Na ce masa wani lokaci in muna tafiya mutane suna kallo, nakan ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce amma in na koma gida ba wanda nake son jin muryarsa sai shi. Na ce ban san yadda abu biyun suke zama a zuciya ɗaya ba. Ya ce shi ya sani, don shi ma haka yake ji da kansa tun yana yaro. Muka yi ta kuka a bayan kanta har wata mata ta shigo neman zif, na yi kamar ina duba maɓallai.

Yayansa mutumin kirki ne. Daga ranar, kullum in sun rufe shago sai ya bi da shi hanyar gidanmu, ya dawo da shi. Da yake dama da hagu ba sa zama, sai suka mai da hanyar abubuwan da ido ke gani, shi kuma ya mai da su waƙa. Famfo, mai faci, shagon aski, koriyar ƙofa. Haka yake rerawa a waya har in yi ta dariya. Ƙofarmu ce kaɗai koriya a duk layin, tsohon fenti ne, ƙasanta duk tsatsa. Ban gaya wa kowa a gida cewa da ita ya san gidan ba. Na bar su suna zaton hanyar ya koya kamar kowa.

Ranar Asabar da hantsi ina ɗaki ina guga, sai warin fenti ya shigo mini. Na ji muryar Mai Fenti a waje yana wasa da Gwaggo. Na fita da gudu ko takalmi babu.

Ya riga ya gama rabin ƙofar. Ruwan ƙasa, irin na maƙwabta.

Umma tana tsaye tana kallo, fuskarta da ɗan haske, wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce ko ba ta son baƙon, ba za ta bari a zo a ga tsatsa a ƙofarta a je ana faɗa ba. Ta ce Mai Fenti, Allah ya yi masa albarka, ko da ta yi maganar bai bari ta rufe baki ba.

"Umma, da an bari sai gobe," na ce.

"Saboda me?" in ji Gwaggo.

Su uku suka juyo suna kallona. Mai Fenti ya tsayar da burushi, fenti yana ɗiga a ƙasa. Abin da zan faɗa yana bakina. Amma in faɗa a gaban wannan mutumin, mai tsayayyun ƙafafu da shagon kansa, cewa wanda na fifita a kansa ba ya gane gida sai da launin ƙofa? Na ce ba komai, warin ne ke sa ni ciwon kai. Na koma ɗaki.

Wayata tana aljihun Baba tun da safe, yana cikin sharaɗin.

Har yau ban san ko Mai Fenti ya san abin da yake yi ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Umma dai ta ce ya zauna ya huta, ya zauna, Gwaggo ta kawo masa ruwa, bai kuma tashi ba har la'asar.

Ɗakin ɗinkina yana da ƙaramar taga mai kallon titi. Nan na tsaya na ɗaga bakin labule. Baba ya dawo daga sallah ya zauna a tsakar gida kan kujerarsa, ya ce kada wanda ya kusanci ƙofa.

Can na hango shi ya ɓullo ta wajen shagon aski. Farar riga sabuwa, wadda ni na ɗinka masa, na sa mata manyan maɓallai don ya iya ɓallewa da hannu ɗaya. Yana tafe yana jan ƙafa, bakinsa yana motsi, na san waƙar yake yi. Fuskarsa cike da murna, ya riga ya wuce famfo, ya wuce mai faci, ya wuce aski, saura abu ɗaya.

Ya zo daidai ƙofarmu. Ya kalle ta. Ya wuce.

Ya tafi har ƙarshen layi, ya tsaya, ya juyo. Ya sake biyowa yana duba ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ya koma shagon aski ya taɓa bangon, ya sake farowa daga nan, ko ya yi kuskure ne. Murnar ta tafi. Jikinsa ya fara ƙagewa, haka yake yi in ya ruɗe, hannun hagun ya ƙara matsewa a ƙirji, kansa ya karkace. Yawu ya zubo kan sabuwar rigar.

Masu zaman benci a ƙofar aski suka fara kallonsa. Wani ya tambaye shi wa yake nema. Na san amsar tana kansa, amma in hankalinsa ya tashi magana ba ta fita ko kaɗan, sai gurnani. Mutumin ya laluba aljihu ya miƙa masa sadaka. Ya girgiza kai, ya girgiza, har ya kusa faɗuwa. Matan maƙwabta suka leƙo. Na ji wata tana cewa ai wannan ne wanda 'yar gidan direba ta nace wa.

Gwaggo ta shigo ta tsaya a bayana, ta leƙa ta kan kafaɗata.

"To ga mijin naki can yana awon titi," ta ce. "Ko kwangilar gyaran hanya aka ba shi?"

Ta fita ta kai labari tsakar gida. Na ji Mai Fenti ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Umma ta ce a ji tausayin bawan Allah, a aika a mai da shi gidansu, ai an ga abin da ake son gani.

Ni kuwa ina riƙe da labule, a raina ina cewa ya tafi. Ya tafi gida kawai, mutane su daina kallo. Na gaji da idanun layinmu a kansa da kaina. Na saki labulen na zauna a kujerar keke don kada in ƙara gani, na kifa kai a kan teburin.

Daga nan na ji shi. Ba magana ba ce, waƙar ce. Ya tsaya a tsakiyar titi yana maimaita ƙarshenta da wannan muryar tasa mai rawa, koriyar ƙofa, koriyar ƙofa, kamar yaro da ya ɓata a kasuwa yana kiran uwarsa. Ana ta dariya a benci.

Ƙafata tana kan matakin keke. Babu yadi a ƙarƙashin allura, ko zare ban zura ba. Na taka.

Ƙyas-ƙyas-ƙyas, ƙwal.

Na ci gaba da takawa, hawaye suna zuba kan hannuna. Na tura tagar da gwiwar hannu ta buɗe duka. Waƙar ta tsaya a waje. Ban leƙa ba, na dai yi ta takawa har cinyata ta fara zafi. Na ji jan ƙafarsa yana matsowa, ya tsaya, ya sake matsowa.

Sai aka bugi ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba ce sosai, tuntuɓe ya yi da dakali ya tafi gaba, ya tare da tafin hannu da ƙirji.

Baba da kansa ya buɗe.

Da na fito, yana tsaye a tsakar gida, gaban farar rigar duk ruwan ƙasa, hannunsa na dama jage-jage, har da gefen fuska. Yana ƙoƙarin durƙusawa ya gaida Baba, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Gwaggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Umma ta kau da kai. Ni na tsaya a bakin ɗaki na rasa inda zan sa idona.

Baba ya jawo masa kujera, ya jira har numfashinsa ya dawo. Ya daɗe kafin ya dawo. Sannan ya tambaye shi me ya tsayar da shi a waje haka.

Gwaggo ta riga shi. Ta ce ai kowa ya ji, kiransa aka yi da keke, wannan ba zuwa ba ne, jawowa ne. Ta ce sharaɗi ya karye.

"Shi na tambaya," in ji Baba. Ya juya wurinsa. "Ka gane gidan da kanka, ko kiranka aka yi? In ka ce da kanka ka gane, na yarda."

Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuci ya ce da kansa. Kalma biyu ce kawai. Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya yi ta kokawa da bakinsa.

"Ban gane ba, Baba," ya ce. "Ƙofar ba ita ba ce. Na ji tsoron buga gidan mutane. Kekenta na ji."

"Da launin ƙofa ka san gidan?"

"E."

Baba ya dubi Umma, ya dubi gwangwanin fentin da ke gefen bango, ya dubi Mai Fenti, wanda ya sunkuyar da kai yana kankare farcensa. Sannan ya dube ni. Ya tambaye ni ko na san da haka tun da safe. Na ce na sani. Ya ce me ya hana ni faɗa? Mai Zare ne ya amsa a madadina, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba.

"Kunya ta ji, Baba. Ba laifinta ba ne. Abin da nauyi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙushe a wurin na rufe fuska da hannu biyu.

Baba ya bari na yi mai isata, sannan ya ce in ɗago.

"Yau ƙofa ce," ya ce. "Gobe mai faci zai tashi, a rushe shagon aski, a ɗauke famfo. Shi haka zai kasance har ƙarshen ransa, ba zai sauya ba. Ke za ki iya taka keken nan kullum, a gaban masu dariya, ba sai ya gama shan wahala ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Yau ma na makara. Amma ina so in koya."

Sai Baba ya ce shi duk shekarun da ya yi yana tuƙi, bai taɓa komawa da babbar mota baya shi kaɗai ba, sai wani ya tsaya yana buga masa jikinta yana ji, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ba direba ba ne. Gwaggo ta ce wannan daban, mota daban. Bai kula ta ba. Ya ce wa Mai Zare ya gaya wa yayansa yana son ganinsa. Sai ya tuna abu ɗaya Mai Zare yake iya riƙewa, ya ce a'a, ya sha ruwa tukuna, saƙon shi Baba zai kai da kansa in ya raka shi.

Gwaggo ta yafa mayafi ta ce za ta je ta gaya wa sauran dangi, wannan magana ba ta ƙare ba. Kuma ba ta ƙare ba ɗin, an sha fama bayan nan. Umma ta shiga ɗaki, na ji kukanta ƙasa-ƙasa.

Da suka fito za su tafi, na biyo su har bakin ƙofa. Ga shatin hannun Mai Zare nan a tsakiyarta, yatsu a warwatse, ya ɗan zame ƙasa inda ya ja, tsohon koren yana leƙowa ta cikin tafin. Mai Fenti ya ɗauko burushi ya ce bari ya shafe wurin tun bai bushe ba, ya ɓata aikin.

Baba ya riƙe masa hannu.

"Bar shi haka," ya ce. Ya juya wurin Mai Zare ya nuna masa. "Ka gani? Famfo, mai faci, shagon aski, sai me?"

Mai Zare ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Hannuna," ya ce.

Baba ya rasu, Umma ta rasu, ƙanena ne a gidan yanzu. An sake wa bango fenti ba sau ɗaya ba, amma ƙofar na roƙe shi ya bar mini. In na je nakan tsaya kafin in buga, in ɗora hannuna a kan nasa. Mutanen layin suna kallo, wasu ba su ma san labarin ba. Yanzu ba na sauke hannun sai na gama.